Surukina da Rabin Gwangwanin Mai

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu tattara mu koma. Ranar Talata da hantsi muka kai surukina makwancinsa a Kwanar Dangora. Yau kwana bakwai ke nan, amma ban huce ba. Ba mutuwar ce ta ɓata mini rai ba. Mutumin da ya haura tamanin, ya je sallar asuba da ƙafarsa, ya dawo ya kishingiɗa, sai aka tarar rai ya yi halinsa, wa zai yi jayayya da wannan? Abin da ya tsaya mini a wuya a zaman makoki ya faru.

Jama'a kam sun zo. Tsofaffin direbobi daga Tudun Wada da Bebeji suka cika rumfa, kowa da labarin ranar da marigayi ya fitar da shi kunya a kan hanya. Ƙanensa ya yi ta share hawaye da hannun riga, yana cewa yanzu babu sauran mai yi masa faɗa a duniya. Matan unguwa suka aiko a faɗa cewa duk keken ɗinkin da ke layin nan shi yake zuba masa mai, bai taɓa karɓar ko goro ba. Ana cikin haka sai wani taubashinsa, tsoho mai bakin tsiya, ya gyara zama ya ce Allah ya jiƙan mai kwana gidan suruki. Aka sunkuyar da kai ana dariya ƙasa-ƙasa, har da masu furfura. Ni ne surukin. Ina zaune a gefen tabarma da carbi a hannu, na ji kamar an watsa mini ruwan zafi a baya.

Fiye da shekara talatin ana yi masa wannan ba'a, bai taɓa kare kansa ba. To, ni zan kare shi, ko da yake na makara.

Yaran yanzu da ke cin tuwo kwano ɗaya da uban matarsu ba za su gane nauyin maganar ba. A zamaninmu, idan na hango shi tafe, hanya nake sakewa. In ta kama dole, sai in tuɓe takalmi in durƙusa nesa, in gaishe shi kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon wani wuri. Ba na faɗin sunansa, ba ya faɗin nawa, Direba yake ce mini. Matata kuwa ita ce 'yarsa ta fari, saboda haka ita ma ba ya kama sunanta, ba ya yi mata magana ido da ido. In yana nufin ta sai ya ce yarinyar nan. Saƙonsa gare ni ta wurin surukata yake bi, ita ta faɗa wa matata, matata ta faɗa mini. A ce irin wannan mutum ya taka ƙofar gidan mijin 'yarsa, har ya kwana, ai abin faɗa ne har jikoki.

Surukina bakanike ne, a gindin wata tsamiya dab da inda hanyarmu ta kudu ke haɗuwa da titin Kano zuwa Zariya. Ba ya karatun boko, kunne gare shi. In ka tsaya da mota ka fara zuba bayanin abin da ke damunta, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Yi shiru, ita nake tambaya." Yana da wani katako da ya jera kwalabe a kai, kowace da irin man da ke cikinta. Kafin ya zuba wa mota mai sai ya ɗiga a ɗan yatsa, ya murza da babban yatsa, ya sansana, wani lokaci har ya taɓa a harshe. An taɓa yin wani mai babbar mota daga Kiru da man giyarsa ya tsiyaye, ya matsa a haɗa masa man gyaɗa da baƙin mai ya lallaɓa zuwa Kano, kamar yadda wasu ke yi. Surukina ya rufe akwatin sifanunsa ya zauna a kai. Aka yi cacar baki har kasuwa ta taru, mutumin ya je wani ya haɗa masa. Da motar ta ƙone masa a daji, surukina ne ya hau keke ya bi shi da kayan aiki, kuma har ya gama gyaran bai yi masa gori ba.

Ni a lokacin ina tuƙa Baturen wani kamfanin haƙar kuza a Riruwai. Ba yaro ba ne ni, na shekara goma a kan sitiyari, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Ana saura kaɗan Turawa su ba da mulki, Baturen ya sayo wata doguwar motar Amurka. Ranar da muka ɗauko ta daga Kano muka tsaya a Kwanar Dangora a ƙara ruwa. Ina can gefe a durƙushe, surukina ya zagaya ta sau biyu, ya nemi izini ya ɗaga bayanta da jak, ya juya taya ɗaya da hannu. A kowace motar da muka sani, in ka juya wannan gaba, waccan baya take yi. Wannan kuwa sai duka biyun suka tafi gaba tare. Na ga fuskarsa ta canja.

Sirrin yana cikin abin da muke kira tukunya, wato ƙarfen nan mai kumburi da ke tsakanin tayoyin baya, mai raba musu ƙarfin inji. A tukunyar wannan motar akwai wasu faya-fayen ƙarfe a jere, masu kama juna. In taya ɗaya ta faɗa laka tana juyawa a banza, sai su kama su ba ɗayar ƙarfi. Shi ya sa ba ta kafewa inda manyan motoci ke kwana uku. Amma in ana karya kwana dole faya-fayen nan su ɗan zame a hankali, kuma ba sa zamewa sai da nasu man na musamman. An haɗo mu da gwangwani ɗaya na ajiya. Surukina ya kwance notin tukunyar ya sansana, ya sa akawun da ke tare da mu ya karanta masa rubutun gwangwanin kaf, ya mayar da noti.

Bayan mako biyu saƙo ya iso ta hanyar da ya saba bi. Matata ta ce Inna ta ce Baba ya ce kada in kuskura in ba tukunyar nan wani mai in ba nata ba, ko da na mutu ne. Saƙon ya iso cikakke, ban da hujjar cewa ban ji ba. Dalili ne ban sani ba, kuma kunya ba ta bar ni in tambaya ba.

Man nan wari gare shi, wani irin ƙarni mai kama tufa ya ƙi fita. Tukunyar tana ɗan gumi, ni kuma kullum ina ƙarƙashi ina gogewa. Matata na da cikin fari, da na shigo gida sai ta fita da gudu tana amai. Sai kukun Bature, wanda ba a raba shi da sanin komai, ya ce shi ya san wannan ƙarnin, kitsen alade ne. Kafin Juma'a magana ta zagaye ramukan kuza. Na shiga sahu, na dama ya ɗan matsa, na hagu ya ɗan matsa. Wani ya tambaye ni, wai cikin raha, ko ina sake alwala in na taɓa motar.

Abin ya ci ni. Da Baturen ya tafi hutu ƙasarsu, na shiga ƙarƙashin motar na kwance noti, na tsiyaye man a rami na binne, na cika tukunyar da man giya na manyan motocinmu, mai kauri, marar ƙarni. Gwangwanin ajiyar kuma na ba wani Bafulatani da ke kawo nono gidan Bature, don suna shafa wa shanu mai a kan gyambo. Ban faɗa masa abin da ake cewa game da man ba. Ka ji irin tsoron Allahn nawa.

Kwana uku ba komai. A na huɗu, ina karya kwana a bakin siton kamfani, sai na ji wani gurnani daga baya, ƙar-ƙar-ƙar, motar ta yi wani ɗan tsalle kamar akuyar da aka ja da igiya. A miƙaƙƙiyar hanya shiru. Da an zo kwana sai ta fara. Kullum ƙaruwa yake. Leburori suka ce motar ta kwaso iska a daji, wani ya kawo mini laya in rataya. Na rataya kuwa, don ya fi mini sauƙi in yarda da aljani a kan in yarda da hannuna.

A makon aka aike ni Kano ɗauko wasiƙu. Da na iso Kwanar Dangora ban tsaya gaisuwa ba, abin da ban taɓa yi ba. Na sunkuyar da kai na karya kwana, ita kuwa ta yi gurnaninta mafi muni a daidai gindin tsamiyar. Ta madubi na hango shi ya miƙe tsaye da sifana a hannu, yana bin mu da kallo har muka ɓace.

Ga inda abin yake. Cikin matata ya shiga wata bakwai, lokacin da ake mayar da mai cikin fari gidan iyayenta. Ƙafafunta sun kumbura har ba ta sa takalmi, ungozoma ta ce kada a ƙara mako ba a kai ta wurin uwarta ba, inda asibiti ya fi kusa. Watan Agusta ne, ruwa ba dare ba rana. Manyan motoci suna kafewa a dajin da ke tsakanin Doguwa da Tudun Wada, kuma ba mai ɗora mace a wannan hali a kan buhunan kuza. Motar Bature kaɗai ke iya ratsa lakar, kuma ya ba ni izini kafin ya tafi. An sa ranar Lahadi, an aika gida an faɗa. Surukina ya san ranar, ya kuma ji kukan motar da za ta ɗauko 'yarsa.

Ranar Asabar da la'asar ina zaune a zaure sai na ji sallama. Na san muryar, amma hankalina ya ƙi yarda. Na leƙa, ga shi tsaye, laka har gwiwa, da akwatin sifanu a ka. Ashe motar da ya hau ta kafe, ya ƙarasa da ƙafa. Maƙwabta duk sun fito suna kallo. Na zube ƙasa na fara jero gaisuwa, bai amsa ko ɗaya ba. Ya dube ni cikin ido, karo na farko tun da na auri 'yarsa.

"Direba, me ka zuba mata?"

Na faɗa masa. Na faɗi maganar kuku da ta sahu. Na ɗauka duka zai kai mini, kuma da ya kai da na ji daɗi. Sai ya ce tun ranar da akawu ya karanta masa gwangwanin ya san da man wata babbar dabbar teku ake haɗa shi. Bai tsaya nan ba, ya hau keke ya je wurin wani malami a Bebeji ya tambaya, malamin ya ce abin da ke rayuwa a teku ba najasa ba ne. Sai da ya tabbatar sannan ya aiko mini da saƙo. Shi da ba ruwansa da motar ya yi tafiyar yini don ya tambaya. Ni da nake kwana da ita, kuku na bi.

Ya tambayi inda gwangwanin ajiya yake. Da na faɗa, ya ajiye akwatinsa ya ce in nuna masa hanyar rugar. Muka tafi, shi a gaba ni a baya. Bafulatanin ya karɓe mu da mutunci, ya kawo ƙwaryar kindirmo, ya shiga bukka ya fito da gwangwanin. Surukina ya jijjiga shi a kunne. Rabi ya rage, sauran yana jikin shanu.

Magariba ta yi mana a hanya, ruwa ya sake tsinkewa, babu inda zai je. A zaurena ya kwana, a kan tabarmar da nake karɓar baƙi. Matata ta aiko da tuwo, ya dawo ba a taɓa ba. Kwanan ke nan da ake yi masa dariya a kai har ranar makokinsa.

Da gari ya waye ya shiga ƙarƙashin motar. Ya tsiyaye man da na zuba a cikin ƙwarya, ya fito da ita hasken rana ya karkata mini. Ƙasan ƙwaryar na ƙyalli da garin ƙarfe, kamar kuzar da aka wanke. Faya-fayen sun fara cin juna. Ya wanke tukunyar da kananzir sau biyu, ya juye rabin gwangwanin, bai kai ko'ina ba. Sai ya sa na kawo duk irin man da ke sito. Ya jera su a ƙasa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana murzawa yana sansanawa, ya koma ya sake. Ban taɓa ganin ya daɗe a kan zaɓen mai haka ba. A ƙarshe ya ɗauki mafi tsinkewa a cikinsu ya cike da shi.

Na yi ƙarfin hali na tambaya ko zai kai mu. Ya ce bai sani ba. Ya ce da da yadda za a yi da yarinyar nan ba ta shiga motar ba, amma barinta a nan ma wani haɗarin ne. Ya ce kada in wuce saurin keke, kuma shi ma zai shiga.

A baya ya zauna, ba a kan kujera ba, a ƙasa, ya ɗora tafin hannu a daidai saman tukunyar, ya juya wa 'yarsa ƙeya. Ita tana can jikin ɗaya ƙofar ta lulluɓe har ka. Muka bar Riruwai sama a haɗe baƙi ƙirin. Muka wuce manyan motoci biyu a kafe, mutanensu na ɗaga mana hannu. A kowace kwana ina jin gurnanin can ƙasa-ƙasa, bai mutu ba, ya dai rage murya. Kuma a kowace kwana sai in ji surukina ya ce, "Sassauta." Haka muka wuce Doguwa muka shiga daji.

Akwai wata gangara a dajin da ke karyewa hagu ta hau gadar katako. Rafin ya cika ya yi ja, yana tafe da itatuwa. Jar ƙasar ta yi santsi. Na sauko a giya ta ɗaya, na fara karya sitiyari, sai tukunyar ta kama gam. Bayan motar ya tafi shi kaɗai. Na ga gadar ta koma gefena, na ga daji yana juyawa, na ji ƙofar baya ta ɓalle ta buɗe, ta wajen da matata take, ta wajen ruwa.

A nan ya kira sunanta. Da dukkan muryarsa, sunanta na yanka, wanda shi ya raɗa mata a kunne bai ƙara faɗa ba.

Da motar ta tsaya na waiga. Rabin jikinta na waje, shi kuma ya riƙe wuyan hannunta da hannu biyu, ya tokare ƙafa a jikin kujera. Tayar baya ɗaya tana lilo a kan rafi, ƙasar da ke ƙarƙashin ɗayar tana zubewa kaɗan-kaɗan. Na kai hannu zan buɗe ƙofata, ya ce kada in motsa, nauyina ne ke riƙe da mu. Ya ce in ja birkin hannu kaɗan, ba duka ba, in ba ta wuta a hankali kamar mai tashin jariri. Na yi. Tayar da ke sama ta juya, ta juya, sannan na ji faya-fayen sun kama a hankali, ba da fizga ba. Ta ƙasan ta ciji ƙasa. Motar ta ja jiki taku ɗaya, taku biyu, ta hau hanya. Da man da na zuba ne a ciki, fizga za ta yi, bakin rafin kuma ba zai ɗauki fizga ba.

Ya jawo 'yarsa ciki, ya rufe ƙofa, ya saki hannunta, ya sake juya mata ƙeya. Har muka isa Kwanar Dangora bai ce komai ba sai sassauta.

Bayan mako bakwai ta haifi babban ɗanmu, wanda shi ya shiga kabari ya karɓi kakansa ranar Talata. Labarin kwanan zaure kuwa ya riga mu isa, direbobi sun kai shi. Aka sa surukina a gaba, a kasuwa, a wurin ɗaurin aure, har yara suka taso suka tarar da abin. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa. Amma in ya faɗa, kamfani zai kore ni, kuma za a san ni a matsayin wanda ya kusa kashe matarsa da ɗansa saboda zancen kuku. In an tsokane shi sai ya yi murmushi ya ce zauren yana da sanyi. Ni ma bai taɓa tayar mini da maganar ba. Muka koma yadda muke, ina durƙusawa nesa, yana kallon wani wuri. Sai dai duk ranar da na wuce ta gindin tsamiyar da mota, yakan ɗaga hannu ya murza ɗan yatsa da babban yatsa, in gyaɗa kai.

Na yi shiru yana raye don na ga haka yake so, ko kuwa don haka ya fi mini sauƙi, Allah ne ya sani. Ya Ubangiji, wanda ya rufa mini asiri shekara talatin da 'yan kai, Ka rufa masa nasa, Ka yalwata masa kabari, Ka sa ya huta.

Ran da taubashin nan ya yi ba'arsa, da jama'a suka tashi sallar la'asar, na shiga cikin gida. Na tarar da matata a ɗakin mahaifinta, zaune gaban katakon kwalabensa, ita ma yanzu da jikoki. Ta ji dariyar ta katanga. Na ce mata zan faɗa wa mutane komai, ta ce in faɗa, ai ya isa haka. Ta ɗauki kwalba ɗaya ta goge mata ƙura da bakin mayafi.

"Malam, ka san sau ɗaya na taɓa jin sunana a bakinsa. Kuma tsoro bai bar ni na amsa ba."

Ta mayar da kwalbar wurinta, ta daidaita ta da sauran, ta dubi shimfiɗarsa da aka naɗe a jikin bango.

"Na'am, Baba," ta ce.